Top silinda na alminiyam: a kai walda ko a sayo ɗan Beljiyam?

Wani ɗan'uwa direba daga Tumfure ya turo tambaya, ga ta a taƙaice. Golf 3 gare shi mai injin 1.8, yana lodin Gombe zuwa Kaltungo, ta yi masa obahitin bayan ya wuce Kumo, ya lallaɓa da ita a haka har Billiri. Bakanikensa ya sauke top silinda, wato murfin saman inji, ya canja gaskit ɗin da ke tsakaninsa da bulok, ba a jima ba ta koma shan ruwa, aka sake saukewa aka kai wajen masu injin gogewa suka ɗebi fuskar top ɗin aka sa wani sabon gaskit. Yanzu kuma in ya tayar da safe sai ta yi ta karkarwa na ɗan lokaci kafin ta daidaita, ruwa yana raguwa amma ba a ga inda yake zuba ba. Wasu sun ce a kai walda, wasu sun ce ya haƙura ya sayi ɗan Beljiyam.

Toh Malam, Allah ya mayar da alheri. Ni dai yanzu ba zan ce maka walda ba kuma ba zan ce Beljiyam ba, saboda duk labarin nan da ka bayar ban ji inda ka ce an auna top ɗin ba. An sauke an ɗaura, an sake saukewa an goge an ɗaura, amma ba wanda ya ɗora ƙarfen awo a kai, ba wanda ya matsa masa iska a cikin ruwan zafi ya ga ko ya tsage. Gaskit biyu, kuɗin aiki sau biyu, ga kwanakin da mota ta yi a gareji babu lodi, ai wallahi da gwajin aka fara yi da tuni ka san inda ka dosa.

Bari ka fara sanin halin abin da kake fama da shi. Injin motarka bulok ɗinsa baƙin ƙarfe ne na zubi wanda muke ce wa kas, top ɗin kuma alminiyam ne, haka Fijo 504 ta da take, haka Homa bas mai injin 2TR. Kamfanoni sun koma alminiyam ne saboda nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, kuma yana saurin kwashe zafi daga inda wuta ke tashi ya miƙa wa ruwa. Matsalarsa ɗaya, in ya ji zafi yana buɗewa kusan ninki biyu na yadda kas ke buɗewa. To ka ga top yana son ya miƙe, bulok a ƙasa bai miƙe kamarsa ba, ga kusoshi goma sun danne shi sun hana shi motsi. A zafin aiki na kullum, wajen digiri 90, wannan ba komai ba ne, an yi lissafinsa tun daga kamfani kuma gaskit na shanyewa. Amma ranar da ruwa ya ƙare aka ci gaba da taka mota, tsakiyar top ɗin wajen silinda ta 2 da ta 3 inda zafi ya fi taruwa sai ya kumbura ya murƙushe gaskit, in ya huce kuma ba ya komawa yadda yake, shikenan ya yi doro.

Akwai kuma abu na biyu wanda kanikawa da yawa ba su ma san da shi ba. Alminiyam ɗin top haɗi ne da silikon, kuma bayan an zuba shi ana gasa shi a masana'anta ta hanya ta musamman don ya yi tauri. In zafi ya haura digiri 200 ya daɗe a haka, taurin nan tafiya yake yi, top ya yi laushi. Ido ba ya gani, gogewa ba ta maganinsa, walda ma ba ta maganinsa. Za ka goge shi ya yi sumul yana ƙyalli, ka ɗaure da kyau, bayan ɗan lokaci zoben ƙarfen da ke bakin gaskit ya nutse cikin naman top ɗin, kan kusoshi ma su nutse, ɗaurin ya saki, ruwa ya dawo. Mutum ya yi ta zagin mai sayar da gaskit alhali ba laifinsa ba ne.

Yanzu tun kafin a sake kwance komai akwai abin da za ka duba da kanka. Karkarwar safen nan da ka faɗa ita ta fi ɗaukar min hankali, yawanci ma'anarta ruwa yana tsiyaya cikin silinda ɗaya da dare in mota ta kwana, da safe fulogin wajen ya jiƙe ba ya kawo wuta sai ruwan ya ƙone ya fita ta salansa tukunna ta daidaita. Ka bar ta ta kwana, da safe kafin a tayar a cire fulogogi huɗun a jera su yadda suke a inji. Wanda ka ga ya fi sauran haske tas kamar an wanke shi, nan ruwan yake shiga. A haska tocila ta ramin, in ka ga kan fistin ɗin yana ƙyalli babu baƙin hayaƙi alhali sauran ukun baƙi ƙirin ne, tururi ne ya wanke shi. Sannan a mayar, a buɗe murfin robar ruwa (ita Golf 3 murfinta a kan robar yake ba a kan lagireto ba) tun inji na da sanyi, a tayar. In kumfa na tasowa ɗaya bayan ɗaya ba ta yankewa, hayaƙin cikin silinda ne ke shiga hanyar ruwa. Ko kuma a rufe murfin a tayar, ka matsa babban tiyon sama da hannu, in cikin minti ɗaya ko biyu ya yi tauri tun inji bai yi zafi ba, labarin ɗaya ne. Akwai wani ruwan gwaji shuɗi da ake ɗorawa a bakin robar, in hayaƙin fetur ya ratsa shi sai ya koma rawaya, in bakanikenka yana da shi ya fi tabbas. Don Allah kada a buɗe murfin nan inji na da zafi, mutane da yawa sun ƙone fuska da ƙirji a kan haka.

Baƙin mai kuma in ya koma launin shayi mai madara, ruwa ya haɗu da shi. Sai dai ba kullum ne top ba, wasu injunan suna da ɗan akwatin sanyaya mai a wajen filta wanda ruwa ke ratsawa, in ya huje shi ma yana haɗa su. Haka ita Golf tana da wata mahaɗar tiyo ta roba a jikin top, tana tsagewa ta riƙa tsiyaya a hankali ruwan ya bushe a jikin inji ba ka ga ɗigo a ƙasa ba, ka duba ko akwai farin tabo a wajen. Ka duba kafet ɗin gaba ma ko yana da danshi, hita na iya yoyo a ciki. Abin takaici ne a sauke top a kan robar da ba ta kai komai ba.

In an tabbatar daga ciki ne, sai saukewa, kuma saukewar ma tana da ƙa'ida. Inji ya huce sarai, ba wai a shigo gareji a hau kwancewa ba. Ana fara sassauta kusoshi daga na bakin gefe ana shigowa tsakiya, kaɗan-kaɗan zagaye biyu ko uku. Yaron gareji ya sa dogon bututu ya ɓalle kusa ɗaya gaba ɗaya sauran na ɗaure, top mai lafiya ma yana iya karkacewa a haka. Kuma mai kwancewa ya lura da hannunsa, in wasu kusoshin sun zo da sauƙi ba su yi gardama ba, a riƙe wannan, alama ce.

Wankewa: fetur ko kananzir da buroshi, tsohon gaskit a kankare shi da abu mai laushi, roba ko katako, ko reza a kwance a hankali. Ban da buroshin waya na injin girandin, ban da kostik soda domin tana cin alminiyam, ban da sanfefa mai kaushi. Ƙurar sanfefa in ta shiga hanyar mai sai ta je ta cinye mital ɗin kiranshaf, ka gyara sama ka kashe ƙasa.

Sai awo. Ana samun miƙaƙƙen ƙarfe na awo wanda aka yi shi don wannan aikin, ba rular ɗinki ba, ba guntun ƙarfen gini ba. A kifa top a ɗora ƙarfen a tsaye a kan fuskarsa, ta tsawo a tsakiya da gefe biyu, sai kusurwa zuwa kusurwa sau biyu, sai ta faɗi tsakanin kowace silinda, kowane wuri ana zura fila gej, 'yan siraran fallayen ƙarfen nan na auna tazara, a ƙarƙashi a ga wane kauri ne ke wucewa. Littafin Volkswagen na injin nan iyakarsa milimita 0.1, wato kusan kaurin takardar fotokwafi guda ɗaya. Toyota a injin Corolla 1ZZ ma 0.05 ta ce, Honda a injin K24 na Accord da ake ce wa EOD ita ma 0.05. Ka ga ke nan mai cewa na duba da ido lafiyarsa lau, ko ya shafa da tafin hannu ya ce sumul yake, bai faɗa maka komai ba.

Kuma in ƙasa ya yi doro to sama ma ya yi, tunda abu ɗaya ne. Nan ne masu gogewa ke cutar mutane ba da niyya ba. Sun goge ƙasa ya miƙe, amma gadon kamshaf da ke sama yana nan a lanƙwashe. Gwajinsa ba wuya: a cire tafet duka, wato 'yan kofunan da ke tsakanin kamshaf da bawul, a shafa mai a gadon, a kwantar da kamshaf a ɗaure marufansa daidai, a juya da yatsu. In yana juyawa sakayau madalla. In yana kamewa a wani wuri yana saki a wani, top ɗin ya lanƙwashe har sama, irin wannan ana fara miƙar da shi ne kafin a goge, a ɗaure shi a kan ƙaton farantin ƙarfe da 'yan maɗauri a ƙarƙashin gefunansa a sa a tanda mai zafin wajen digiri 250 na wasu awoyi a bar shi ya huce a hankali. Aiki ne na wanda ya iya kuma yake da tanda mai awo, in aka wuce gona da iri laushin nan da na faɗa shi za a jawo. A kan top ɗin Golf wanda yake ko'ina a kasuwa gaskiya ni ba na ba da shawarar a sha wannan wahalar.

Ita gogewar kanta tana da iyaka. Duk abin da aka ɗiba ɗakin wuta na ƙara matsewa, kwamfureshan ya hau, mota ta fara ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa in ta ɗau kaya a hawa, taimin ma ya ɗan goce tunda kamshaf ya matso kusa da kiranshaf, bawul kuma ya matso kusa da fistin. Honda ta ce duka-duka kada a ɗebi fiye da milimita 0.2 a K24. Naka na 1.8 mai bawul takwas tsayinsa kada ya gaza milimita 132.6, a sa baniya, ma'aunin nan na kauri mai baki biyu, a auna tun da an riga an goge sau ɗaya kuma ba ka san sau nawa aka goge kafin motar ta zo hannunka ba. Masu ninka gaskit biyu don su cike abin da aka ɗiba kuwa, Allah ya shirye su kawai. Sannan a duba irin gogewar. In ka ja farce a kai kana jin layi-layi, gaskit na ƙarfe mai falle-falle irin na motocin yanzu ba zai riƙe ba, shi sai fuska mai santsi sosai, tsohon samfurin mai laushi ne ke ɗan yafiya.

Yanzu tsagewa, wadda ita nake zargi a motarka. Inda ta fi fitowa: ɗan siririn naman da ke tsakanin kujerun bawul biyu, tsakanin ramin fulogi da kujerar bawul, da cikin hanyar hayaƙi ta bayan bawul ɗin salansa inda ido ba ya kaiwa sai an cire bawul. Hanyar maganaɗisu da garin ƙarfe da ake gwada kas da ita ba ta aiki a nan, alminiyam ba ya kama maganaɗisu. Akwai gwajin fenti na gwangwani uku, a wanke, a fesa ja a bar shi ya jiƙa wasu mintoci, a goge, a fesa fari, duk inda tsaga take sai jan layi ya ɓullo a cikin farin. In babu, tsohuwar dabara tana nan: a jiƙa wajen da kananzir, a goge ya bushe ƙarau, a shafa garin alli, a ɗan ƙwanƙwasa gefe da guduma ta roba ko a ajiye a rana, kananzir ɗin da ya ɓuya a cikin tsagar zai fito ya zana siririn layi mai danshi a kan allin.

Amma duk waɗannan na waje suke nunawa. Alƙalin gaskiya shi ne gwajin iska. A toshe duk ƙofofin ruwa da roba da faranti, a bar guda ɗaya a haɗa tiyon iska, a matsa kamar "bar" 2 zuwa 3 a ma'aunin matsin iska, a nutsa top ɗin cikin ruwa mai zafi wajen digiri 80, a tsaya a zuba ido. Zafin ruwan yana da muhimmanci domin akwai tsagar da a sanyi rufe take ruf, sai ƙarfe ya ɗumama take buɗe baki. In ka ga 'yan ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga wuri ɗaya, ka sa alama. Bakanike mai dabara yana iya haɗa wannan da kansa, tsohon tib na taya a yanka shi ya zama robar toshewa, farantin ƙarfe mai kauri da aka huda, rabin duro a kan wuta, iska daga injin mai faci. In kuma ba a samu mai yi kusa ba, a naɗe top a buhu a ba mota ta kai Bauchi ko Jos ko Kano, kuɗin motarsa bai kai na gaskit na uku ba.

Ba kowace tsaga ce ke kashe top ba fa. A injunan dizal na Volkswagen littafinsu da kansa ya ce 'yar tsaga tsakanin kujerun bawul in faɗinta bai wuce milimita 0.5 ba ana iya ci gaba da aiki da shi. Abin dubawa shi ne ta kai ga ruwa ko ba ta kai ba, kuma ta sassauta kujerar bawul ko a'a.

Kujerar bawul zobe ne na ƙarfe mai tauri da aka cusa cikin alminiyam da matsi, ana ɗumama top a sanyaya zoben a buga shi ya zauna. In top ya yi mugun zafi ramin na buɗewa fiye da zoben, riƙon ya ragu, wata rana kana tafiya zoben ya faɗo, bawul ya tauna shi, fistin ya farfashe, nan kuma ba maganar top ake ba sai inji sukutum. A duba kewayen kowane zobe ko akwai tazara ko baƙin layi tsakaninsa da naman top. Bawul ɗin su ma a gwada: a kifa top, fulogi a ɗaure, a cika ɗakin wuta da kananzir a jira, in ya tsiyaya ta hanyar iska ko ta hayaƙi sai an yi musu girandin ko a yanka kujerar.

Laushi kuma, akwai na'urar da ke danna ƙwallon ƙarfe a jiki a auna faɗin ramin, ma'aunin Brinell. Top mai lafiya yakan ba da 90 zuwa sama, in ya sauko wajen 65 ko ƙasa masu wannan sana'a ajiye shi suke yi. In babu na'urar, ka nemi alamun da na faɗa, shatin zoben gaskit da ya nutse har farce na kamawa, gurbin washa na kusoshi da ya lotsa, kusoshin da suka zo a sake. Wasu suna buga ɗan fanci a gefen salansa su buga a can kusurwar da ba ta jin zafi da ƙarfi iri ɗaya su kwatanta zurfin, ba awo ne na gaske ba amma in bambancin ya yi yawa zai nuna.

To walda fa? Tana yi, amma ba kowace walda ba kuma ba a kowane wuri ba. Alminiyam yana narkewa a digiri 660 kuma ba ya yin ja kafin ya narke, kana kallo sai ka ga ya zube. A samansa kuma akwai wata 'yar fata da iska ke haifarwa wadda ba ta narkewa sai sama da digiri 2000, shi ya sa waldar kabait ta masu gyaran salansa da waldar lantarki ta masu ƙofa ba su da hurumi a nan, sai waldar da ake yi da iskar gas ta agon. Mai yin ta daidai zai cire kujerar bawul in tsagar ta taɓa ta, ya bi tsagar da ɗan dutse ya tone ta har ƙarshenta ba ya bar ko ɗigo, ya wanke man da ya shekara yana shiga naman ƙarfen domin shi ke sa walda ta yi ƙuraje, ya ɗumama top ɗin gaba ɗaya zuwa digiri 150 ko 200, ya cike da sandar alminiyam mai silikon irin lamba 4043, ya rufe shi ya huce a hankali ba a iska ba balle ruwa. Bayan nan a sa sabuwar kujera, a yanka, a goge fuska, a sake gwajin iska a ruwan zafi. Wanda ya shafa walda a saman tsaga kawai ya goge ya miƙo maka, tsagar tana nan a ƙasa tana jiran zafi.

Inda walda ke biyan kuɗinta: ramukan da tsatsa ta ci a bakin ƙofofin ruwa, kunnen da ya karye a waje, ɗakin wuta da karyayyen bawul ya sassara, tsaga guda ɗaya a fili inda hannu ke kaiwa, musamman a top mai tsada ko mai wuyar samu irin na wasu injunan dizal. Inda asara ce: tsaga can cikin hanyar hayaƙi, tsagar da ta ratsa gadon kamshaf, tsaga fiye da ɗaya, ko top da ya riga ya yi laushi. Gam kuwa, ko wane iri ne, ba ya zama a ɗakin wuta. Ruwan kwalba da ake zubawa a lagireto wai ya toshe tsaga, zai iya kai ka gida, zai kuma iya toshe maka lagireton da hita.

Ramin fulogi da zarensa ya cinye ƙaramin aiki ne, ana buɗa shi a sa sabon zare na ƙarfe ya ma fi na asali ƙarfi. Abin da ke jawo shi cire fulogi inji na da zafi, da fara ɗaurawa da sifana maimakon yatsu.

Kada a manta da bulok, shi ma a ɗora masa ƙarfen awo. Ramukan kusoshi a busa su a tsane, in ruwa ko mai ya kwanta a ciki kusa ba za ta kai ƙasa ba, tana ma iya fasa bulok. Masu Camry Big Daddy ta 2002 zuwa 2006 mai injin 2AZ su saurara nan: bulok ɗinsu shi ma alminiyam ne, kuma an san shi da zaren kusoshin baya na zarewa, ruwa ya riƙa bin bayan inji, a yi ta canja gaskit ana goge top alhali ciwon yana cikin bulok, sai an sa sabon zare na ƙarfe a ramukan.

Ɗauri kuma da sifana mai awo ake yi, daga tsakiya ana fita gefe. Naka 40 Nm (awon ƙarfin ɗauri a jikin sifanar) zagayen farko, 60 na biyu, sannan kwata juyi, sannan wani kwatan. Corolla 1ZZ 49 ne sannan kwata juyi ɗaya. A ɗiga fenti a kan kowace kusa don a ga juyin da ido. Irin waɗannan kusoshin miƙewa suke yi in an ɗaure su, naka kuma an ɗaure sau biyu bayan sun sha obahitin, sababbi za ka saya, kada ka ji tausayin kuɗin. Gaskit a bushe ake sa shi, ba gam ba girisi.

Duk wannan kuma banza ne in ba a gano abin da ya sa ta tafasa a bayan Kumo ba. Fanka ta tsaya ne, ko suwic ɗinta da ke jikin lagireto ya mutu, ko famfon ruwa, ko murfin da ba ya riƙe matsi, ko lagireto ya toshe? Ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, murfi mai kyau shi ke ɗaga shi ya kai wajen 120, murfi in ya mutu a zafin Maris da Afrilu na Gombe ga lodi ga hawa, ai dole. Ruwan bohol da muke ɗurawa yana barin farin dutse a cikin bututun lagireto, kuma ba ya hana tsatsa, shi ke cin bakin ƙofofin ruwa na top har ya kai ga zoben gaskit. Kulan na gaske, wato ruwan sanyaya inji na kanti, rabi da rabi da ruwa mai tsabta shi ne abincinsa, ba don sanyin Turai kaɗai aka yi shi ba kamar yadda ake cewa a tasha. Cire tamostat ma da aka mayar al'ada ni ban yarda da shi ba, a injuna da yawa shi ke rufe gajeriyar hanya ya tilasta ruwa bin lagireto, in ya lalace a canja shi kawai. Kuma ka sani in ruwa ya ƙare ƙaf allurar zafi tana iya yin ƙarya ta sauko, tunda abin da ke aunawa ba ya cikin ruwa. Sheƙa wa inji ruwan sanyi yana tsakiyar zafi kuma, da yawan tsagar da muke gani daga nan take.

In gwaji ya nuna tsaga zuwa ruwa ko laushi, a motarka Beljiyam za ka saya, ya fi walda sauƙi da kwanciyar hankali. Amma shi ma tsoho ne, wani ya yi aiki da shi. A kwatanta lambar da ke jikinsa da ta naka, a duba ƙofofin iska da na ruwa sun dace, a auna tsayinsa, in ka ga fuskarsa na ƙyalli sabuwar gogewa to an riga an taɓa shi a nan gida, ka yi hattara. Ku yi magana da mai kaya a gaban shaida cewa in ya faɗi gwaji za ka dawo da shi, sannan a yi masa awo da gwajin iska kafin ya hau mota ba bayan ya hau ba.

In an sauke wannan karon ka ce kada yara su jefar da gaskit ɗin. Ka ɗauki hotonsa gaba da baya, da hoton ɗakunan wuta huɗun kafin a wanke, da kan fistin, ka turo min tare da abin da fila gej da baniya suka nuna, daga nan zan iya ce maka ga wanda za ka yi.